Tafiretar Kawu: Yadda Na Ƙwato IBM Selectric Daga Sikelin 'Yan Gwangwan

Ranar da na fara ganin ta, a kan sikelin 'yan gwangwan take. Ana share ɗakin ajiya a gidan kawuna a Kano, an fito da tarkace ƙofar gida: tsohuwar fanka, ƙafar keken ɗinki, matattun batiran mota biyu, da wani abu mai nauyi a cikin buhu. Yaron da ke awo ya zazzage buhun, sai ga tafireta ruwan toka da tambarin IBM a goshinta, wayar wuta a nannaɗe a jikinta. Ta haura kilo 15. Tayin da ya yi mata bai kai kuɗin datar da nake saya a wata ba.

Na ce, "Kawu, don Allah a bar min wannan."

Ya ce, "Ka yi me da ita? Ta fi shekara ashirin ba ta ga wuta ba. Ku da kuke rubutu da babban yatsa."

Na roƙe shi ya ba ni wata guda. Idan ban tashe ta ba, ni da kaina zan kira yaron ya dawo ya ɗauka. Ya yarda, yana 'yar dariyar da manya ke yi wa yaro idan ya ce zai kama tsuntsu da hannu.

Kawu ya yi aikin buga takardu a wata ma'aikatar gwamnati shekara da shekaru. Da kwamfuta ta shigo aka yi gwanjon tsofaffin kayan ofis, ya sayi wannan, ya buɗe ɗan shago kusa da kotu yana buga wa mutane takardun rantsuwa da wasiƙun neman aiki. Da ita aka biya kuɗin makarantar 'ya'yansa. Ni kuwa rubuta manhaja ce sana'ata, kuma kafin wannan aiki ban taɓa kwance abin da ya wuce murfin laftof ba.

Abin da na gano shi ne, irin waɗannan injina ba kasafai suke tsayawa don wani abu ya karye ba. Tsohon giris ne ke daskarewa ya riƙe su. Mafi yawan ɓarnar da ake samu a jikinsu kuma, mai zumuɗin gyara ne ke yin ta a ranar farko. Ni ma na yi tawa, har biyu.

Ba irin wadda ka sani ba ce

Idan aka ce tafireta, wadda ke zuwa ran yawancinmu ita ce ta ƙofar kotu: kowane harafi da sandarsa, ka danna ta taso ta mari takarda, takardar na tafiya hagu har ƙararrawa ta kaɗa a turo ta da hannu. Selectric ba haka take ba. Kamfanin IBM na Amurka ya fito da ita ranar 31 ga Yuli, 1961, kuma ba ta da sandar harafi ko ɗaya. Duk haruffan suna jikin wani ɗan ƙwallo guda wanda bai kai ƙwan kaza ba, na roba ne aka shafe shi da ƙarfe mai ƙyalli. Takarda tana nan wuri ɗaya, ƙwallon ne ke tafiya daga hagu zuwa dama a kan wata 'yar kujera, yana juyawa, yana sunkuyawa, yana sara. Tana iya buga haruffa kusan 15 a daƙiƙa ɗaya, kuma tunda babu sanduna, babu abin da zai sarƙe da ɗan'uwansa.

Ƙwallon da yatsa biyu ake cire shi a ɗora wani. Wato abin da kake yi a wayarka idan ka canja salon rubutu, a 1961 da canja ƙwallo ake yin sa. Wanda na tarar a kan ta Kawu an rubuta Courier a samansa, salon da aka zana wa IBM tun shekarun 1950, kakan Courier New ɗin da ke cikin kwamfutarka yanzu.

Ta Kawu ita ce Correcting Selectric II. Selectric II ta fito a 1971, mai goge kuskure kuma a 1973: tana da madanni na musamman da ke komawa baya, ka sake danna harafin da ka yi kuskure, wani tef mai danƙo ya ɗauke shi daga kan takarda. A 1980 aka fito da Selectric III mai haruffa 96 maimakon 88. Mai neman ƙwallo ya kula a nan, domin na 88 ba ya aiki a ta 96, haka ma akasinsa. Rubutun da ke saman na 88 fari ne, na 96 rawaya. Zuwa 1986 an sayar da Selectric sama da miliyan 13, a 1991 kuma sashen tafireta na IBM ya koma hannun Lexmark, wanda muka fi sani da firinta.

Abin da ya fi ɗaure min kai bayan na buɗe ta: babu cif, babu taransisto, babu koren allon nan da muka saba gani a cikin kowace na'ura. Aikin wuta a jikinta guda ɗaya ne tak, juya wani injin da masu gyara ke kira moto. Duk sauran, ƙarfe ne ke tura ƙarfe, guntaye wajen 2,800.

Kuskuren ranar farko

Da na kai ta ɗakina, abin da kowa zai yi shi na yi. Na kaɗe ƙura da tsumma, na cusa fulogi a soket, na danna makunni. Ta yi gurnani, babu abin da ya motsa. Na tsaya ina jira ta gama tashi, kamar dai waya. Sai da na ji ƙauri sannan na fizge fulogin.

Ga abin da ya faru. Moton Selectric juyawa yake ba tsayawa muddin tana kunne, yana jan wata doguwar sanda ta hanyar bel. Idan giris ya riƙe sandar, moton na son ya juya amma an danne shi, sai ya riƙa zuƙar wuta koyil ɗinsa na zafi. Da na ƙara minti ɗaya, da labarin ya ƙare a nan. Saboda haka tsohuwar tafiretar lantarki ba a jona ta sai an tabbatar da hannu cewa komai na juyawa.

Akwai kuma wani abin da ban duba ba, Allah ne ya kiyaye. A jikin kowace akwai ɗan faranti da aka rubuta irin wutar da take sha. Ta Kawu 220 ce a kan 50, domin an shigo da ita ne don ofisoshin ƙasar nan. Amma idan ka ci karo da wadda aka kawo daga Amurka cikin kayan gwanjo, ta 115 ce a kan 60, kana jona ta a soket ɗinmu ka ƙone ta. Ko ka sa mata taransifoma mai rage wuta, za ta yi gudu ƙasa da yadda aka tsara ta da kusan kashi ɗaya cikin shida, kuma za ta fi ɗaukar zafi. Inbata mai araha ma ba abokiyarta ba ce, tana sa irin wannan moton kuka da zafi. Wayar wutar kuma na tarar ɓera ya ɗanɗana ta wuri biyu. Na canja ta da mai jijiya uku, da wayar ƙasa, tunda ƙarfe ne a ko'ina a cikin injin.

Kuskure na biyu ya fi muni. Ganin kujerar ƙwallon ta ƙi motsi, sai na kama ta na ja da ƙarfi. Ta taho, amma wani siririn tef na ƙarfe, mai kama da zaren kaset, ya sauka daga kan ƙafarsa. Na sa bakin sukundireba na mayar da shi. Na ga ya ɗan lanƙwashe a wuri ɗaya, na ce ai ba komai. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wanki

Buɗe ta ba wuya. Ka ɗaga murfin sama, ka danne maƙallai biyu ka zare rolar da takarda ke naɗuwa a kai, ka cire farantin da ke ƙarƙashinta, sannan ka buɗe wasu maƙallai biyu da ke ciki hagu da dama, gangar jikin ta fita ɗungurungum. Injin kansa ana iya jawo shi gaba a tsayar da shi a kan bayansa, cikinsa ya kalle ka. An tsara ta ne don a riƙa gyarawa, abin da ba za ka ce da wayar da ke hannunka ba, wadda sai an gasa ta kafin bayanta ya buɗe.

A ciki na tarar da ɗakin zanzaro biyu, da ƙwan kyankyaso, da ɓawon gyaɗa, da allurar maƙale takarda har goma sha ɗaya. Soson da aka liƙa a cikin murfi don rage ƙara ya ruɓe ya zama baƙin gari mai danƙo, ya zube cikin madannai. Giris ɗin kuwa ya haɗu da ƙurar hunturu ta shekara ashirin ya zama kamar ƙaro. Wani wurin sai da na sa tsinken sakace na ɓamɓare shi.

Kafin na taɓa komai na ɗauki hoton kowane lungu da waya, kuma haka na riƙa yi kafin kowane mataki. Sifirin ɗaya zai faɗo, ka rasa daga ina ya fito, hoton ne zai cece ka. Littattafan gyara da IBM ya buga wa ma'aikatansa suna nan a intanet, akwai kuma bidiyoyin tsofaffin masu gyara a YouTube. Daga nan na koyi dokar da ta fi kowace muhimmanci: kada ka kwance noti ko sukurun da ba ka san aikinsa ba. Da yawansu ba na ɗaurewa ba ne, na saiti ne, wani ya daidaita su da ma'auni shekara hamsin da suka wuce. Wankewa za ka yi, ba kwancewa ba.

Kayan aikina ba su da yawa: bulowa irin ta masu gyaran kwamfuta, buroshin fenti ƙarami, tsohon buroshin haƙori, sirinji, auduga, kananzir da sifirit. A tsakar gida na yi aikin, na shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa. Sai in ɗiga kananzir da sirinji a gaɓa ɗaya, in motsa ta da yatsa har ta saki, in goge baƙin ruwan da ya fito, in sake. Idan ruwan ya fara fitowa fari, in bi da sifirit don ɗauke maiƙon. Gaɓa ɗaya kan ci minti biyu, wata ta ci rabin awa, kuma gaɓoɓin ɗaruruwa ne. Kwana tara na yi ina wannan bayan sallar isha'i, har ƙannena suka fara kirana bakanike.

Fetur kada ka kusanto da shi, tartsatsi ɗaya daga makunni ya isa. Tina na narkar da roba, ga madannai ga ƙwallo duk roba ne. Sifirit ma a kiyaye shi daga fenti da rubutun kan madannai. Waɗannan ruwan sabulu da tsumma sun ishe su. Sai man feshin nan na gwangwani da ake kwance tsatsa da shi, wanda duk wanda ya leƙo sai ya ce in fesa mata. Zai saki injin yau, har ka yi murna, amma ba man shafawa ba ne, idan ya bushe ya haɗu da tsohon giris ka koma gidan jiya.

Abin da ya sa na ji kamar ina gida shi ne juyi da hannu. Fulogi a zare, ka danna harafi ɗaya, sannan ka riƙa juya sandar a hankali ta ɓangaren da moto ke juya ta, ba baya ba. Abin da injin ke yi cikin ƙiftawar ido, sai ka gan shi daki-daki: madanni ya tura wani ƙarfe, kuloci ya saki, ƙwallo ya juya ya sunkuya, wani haƙori ya shiga ƙasansa ya kulle shi, ya sari takarda, ya dawo, kujera ta matsa taku ɗaya. Duk wanda ya taɓa bin manhaja layi-layi yana farautar kuskure ya san wannan aikin. Inda juyin ya yi tauri, nan matsalar take.

A ƙarƙashin madannai na ga wata dabarar da ta burge ni. Wani dogon bututu ne cike da ƙananan ƙwallayen ƙarfe, an bar sarari a tsakaninsu daidai kaurin ƙarfen madanni ɗaya. Idan ɗaya ya shiga, ƙwallayen sun matse, na biyu ba shi da wurin shiga sai na farko ya fita. Idan kuma mai bugu ya yi sauri ya danna na biyu kafin na farko ya gama, injin na riƙe shi ya buga shi a zagaye na gaba. Layin jira ke nan, da ƙarfe aka yi shi. A tawa ƙwallayen sun manne da juna, shi ya sa rabin madannan suka ƙi dannuwa tun farko.

Bayan wanki sai mai, kuma kaɗan. Man keken ɗinki ɗigo ɗaya a gaɓoɓi, sabon giris ɗan shafi a inda ƙarfe ke goga ƙarfe da ƙarfi. Bel da rola da ƙwallo ba a sa musu komai. A garin da ƙura ke sauka wata uku a shekara, duk man da ya yi yawa gayyata ce.

Lamba ɗaya ta maƙale

Ranar ta goma sha biyu na jona ta. Ta tashi da wani ɗan ruri mai daɗi, sai dai akwai ƙas-ƙas-ƙas da ke biye da juyin. Na sa takarda na buga sunana. Abin da ya fito ba sunana ba ne. Wasu haruffan daidai, wasu kuma baƙi ne da ban gayyata ba.

A nan ne sana'ata ta yi min rana. Haruffa 88 na ƙwallon an jera su layi 4, kowane layi 22. Rabin da ke kallon takarda na ƙananan haruffa ne, rabin baya na manya, madannin manyan haruffa juya ƙwallon yake rabin zagaye. Saura ke nan a zaɓi layi ɗaya cikin 4, da ginshiƙi ɗaya cikin 11. Injin na yin wannan ne da ƙugiyoyi shida, kowace ko dai an ja ta ko ba a ja ba, wato 1 ko 0. Biyu na sunkuyarwa ne, masu nauyin 1 da 2, haɗinsu ya ba ka 0 zuwa 3. Huɗu na juyawa ne, masu nauyin 1 da 2 da 2, sai ɗaya mai ɗebe 5, haɗinsu ya ba ka daga taku biyar hagu zuwa taku biyar dama. Kowane madanni yana da nasa haɗin. Wasu sandunan ƙarfe masu lilo ne ke tara waɗannan lambobi su mayar da su tsawon ja. An aro musu suna daga sandar da ake ratayawa tsakanin dawaki da keken da suke ja don raba nauyi. Jan kuma yana isa ga ƙwallon ta siraran tef guda biyu na ƙarfe, ɗaya na juyawa, ɗaya na sunkuyarwa. A taƙaice, lissafin 0 da 1 ne ake mayarwa motsi, ba tare da cif ba.

Da na gane haka sai na buga duk madannai 44 a jere, na yi jadawali a waya: abin da na danna, abin da ya fito. Na cire ƙwallon na duba inda kowane yake. Duk harafin da ya fito ba daidai ba, maƙwabcin na gaskiyar ne, taku ɗaya a layi guda. Ke nan ƙugiya mai nauyin 1 ce ba ta komawa wurinta. Na leƙa, ga ta nan da ɗan guntun ƙaro a bayanta, inda buroshi bai kai ba. Ɗigo biyu na kananzir, sunana ya fito daidai.

Wannan lissafin na lamba shida shi ya sa IBM ya iya mayar da Selectric bakin magana da kwamfuta. A 1965 ya fito da 2741, wadda masu rubuta manhaja na lokacin ke zama gabanta su buga umarni, kwamfuta ta buga musu amsa da ƙwallon. Shi ne kuma ya ba 'yan leƙen asiri ƙofa. A 1984 hukumar NSA ta Amurka ta gano cewa Tarayyar Sobiyet ta dasa na'urori a cikin Selectric guda 16 a ofishin jakadancin Amurka na Mosko da ƙaramin ofishinta na Leningrad. An ɓoye su a cikin wata sandar ƙarfe ta jikin injin, suna jin motsin ƙarafunan zaɓen harafi ta hanyar maganaɗisu, suna aika abin da aka buga ta rediyo. Manhajar nan mai satar abin da kake dannawa, wadda ake gargaɗinka a kanta duk lokacin da za ka sauke wani abu daga inda ba ka sani ba, kakarta a cikin tafireta aka haife ta.

Baba

Murnata kwana uku ta yi. Ina cikin buga layi na ji tas, ƙwallon ya saki yana lilo kamar kan da aka karya wa wuya. Tef ɗin juyawa ne ya tsinke, daidai inda sukundirebata ta lanƙwasa shi. Ƙarfe mai siranta haka, idan ya samu lanƙwasa, kowane bugu ƙara raunana wurin yake har ya rabu.

Saura kwana goma sha ɗaya wa'adina ya cika, kuma wannan ba abin da ake samu a shagon kayan waya ba ne. Na yi ta tambaya har aka kwatanta min wani dattijo a Sabon Gari da ke gyaran injin fotokwafi, aka ce a da tafireta yake gyarawa. Na ɗora ta a Keke Napep na kai masa. Ya ɗaga murfi, ya ɗauki guntun tef ɗin ya kalli bakin tsinkewar.

"Yaro, wa ya sa mata sukundireba?"

"Ni ne, Baba."

"To ai gara da ka faɗi. Wankin ma kai ka yi?"

Na ce ni ne. Ya danna madannai biyu-uku da fulogi a zare, ya juya sandar, ya gyaɗa kai bai ce komai ba. Daga ƙarƙashin teburinsa ya jawo gawar wata Selectric da ba ta da murfi, ya zare nata tef ɗin. Sai da ya yi kusan awa biyu yana zura shi ta ƙarƙashin kujera da kan ƙafafunsa, sannan ya daidaita saitin har haƙorin kulle ya riƙa faɗawa daidai a kowane harafi. Ina tsaye ina ɗaukar bidiyo, ya ce in matso da fitilar wayar tunda dai na ɗaga ta. Ban ga alamar zan iya wannan aikin ni kaɗai ba ko da littafi a gabana, kuma ba na ba kowa shawarar ya fara da shi.

Na tambaye shi ƙarar ƙas-ƙas ɗin. Ya nuna min ƙafar da bel ke ja: cibiyarta ta roba ce, kuma bayan shekara hamsin takan tsage. Ya ce tsagar tawa ƙarama ce, za ta yi aiki a haka, amma kada in bar ta a kunne idan ba bugu nake ba, ranar da ƙarar ta koma duka in dawo. Canja ta sai an zare sandar gaba ɗaya. Rolar takarda kuma robarta ta bushe ta yi tauri. Ya ce in goge ta da sifirit, in riƙa haɗa takarda biyu don ta baya ta zama matashi ga haruffan ƙwallon.

Abin da ke jikin ribin

Saura tawada. Ribin ɗin Selectric mai gogewa ba ƙyalle ba ne, siririyar leda ce mai baƙin shafi, kowane wuri sau ɗaya ake bugunsa. Wanda na tarar a ciki da saura kaɗan, da shi na yi duk gwajin. Da zan cire shi in sa wani da Baba ya ba ni, sai na ɗaga ɓangaren da aka riga aka yi amfani da shi a hasken taga. Kowane harafi ya bar hotonsa fes a jikin ledar, a jere, sama da ƙasa, babu tazara tsakanin kalmomi amma ana karantawa. Na warware kaɗan. Bayan shirmen gwajina sai ga aikin Kawu na ƙarshe: takardar rantsuwa ta wata mata a kan rabon gado, da sunanta da unguwarsu da abin da ake jayayya a kai. Shekara ashirin yana kwance a buhu, kuma saura ƙiris ya bi yaron gwangwan.

Ranar da wata ya cika na kai ta gidan Kawu na ajiye a kan tabarma, na jona. Ya saurari rurin, ya ce, "Ita ce." Na miƙa masa tsohon ribin ɗin na gaya masa abin da na gani.

"Ka karanta?"

"Layi biyu-uku, Kawu, sai na tsaya."

Ya kira ƙaramar 'yarsa ya ce ta kai murhu ta jefa a wuta, ta tsaya har ya ƙone. Ya ce a ofis ma ba a jefa irin wannan a kwandon shara, ya manta ne da na ƙarshen.

Sannan ya gyara zama, ya sa takarda biyu ba tare da na gaya masa ba, ya ɗora yatsu takwas a layin tsakiya. Bai kalli madannai ba ko sau ɗaya. Ƙarar kamar ruwan sama a kan kwano. Wasiƙa ce da Hausa zuwa ga ƙaninsa, kuma na lura duk inda ya zo ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya buga harafin ya bi shi da ɗan waƙafin sama, domin ƙwallon Courier ba shi da haruffa masu ƙugiya. Haka suke yi a da. Na nuna masa yadda nake danne k a wayata ƙ ta fito, ya ce to, amma wa zai iya kalma sittin a minti da yatsa ɗaya.

A layi na shida ya yi kuskure, ya danna madannin gogewa. Kujerar ta koma baya, ya sake danna harafin, ƙwallon ya sara, harafin yana nan daram. Tef ɗin gogewar ya bushe, danƙonsa ya tafi, kuma na Baba ma duk sun bushe. Na yi odar sababbi ta intanet, ana cewa sai nan da mako uku. Kawu ya ce tafiretar ta zauna a wurinsa kafin nan, in zo in ɗauke ta ranar da tef ɗin ya iso, in kuma dawo masa da ita.